Lambu a Wuyan Altine

Ranar Asabar ce, kwana huɗu bayan ruwan shuka. Gari ya yi luf, akwai hadari a gabas amma bai taso ba. Gero ya fara huda ƙasa a gonakin bayan dutse. A ranar ne Sallau ya iso teburin shayin Mani da wata takarda a naɗe a hammata.

Sallau ya yi shekara goma sha biyu a Yamai yana gadin gidan wata Baturiya malamar lakkwal, wato makarantar boko. Kafin nan ya sayar da goro a tasha. Da malamar ta koma ƙasarsu, ya dawo Dogon Dutsi da akwati ɗaya da labarin da ba ya ƙarewa. In ana maganar rijiya, ya taɓa haƙa wadda ta fi ta zurfi. In ana maganar mota, shi ya koya wa direban. Idonsa ya yi rauni, amma in ka ce ya sayi tabarau sai ku ɓata.

Ya warware takardar a kan teburi. Tsohon shafin kalanda ne.

Mani ya kai ta kusa da hanci. "Wa ya ɓarar da fenti nan?"

"Ja baya," in ji Sallau. Ya ɗaga takardar sama. "Ƙara. Ƙara dai."

Mani ya ja baya har tsakiyar hanya, ludayin shayi a hannu. Can sai ya tsaya ya ƙanƙance ido.

"Ikon Allah. Ga tabki. Ga bado ma, fari da ja. Har da 'yar gada."

"To wanga shi ne ilimi," in ji Sallau. "Wani Bature ya zana shi tun kakanninmu na yara. Madam, uwar ɗakina ta Yamai, ta ce ba ya jan layi. Ɗigo-ɗigo yake ɗora launi, ido ya haɗa da kansa. Ni kuma da duwatsun wuya zan yi shi. Lambu guda, mace ta rataya ta tahi biki. Daga yau ku riƙa ce mini artis, wato gwanin zane."

Ana cikin haka sai ga Kubra za ta wuce da tiren kayanta a ka. Kubra ɗiyar kawun Sallau ce, taubashiyarsa, kuma shekara talatin ke nan tana shirya duwatsu a zare. Rabin amaren unguwar da sarƙarta suka shiga ɗaki. Ita ce kuma shugabar ƙungiyar mata masu sana'ar hannu, waɗanda za su baje kayansu a bakin kasuwa Juma'a ta sama.

Mani ya ba ta labari. Ta sauke tire ta dubi Sallau daga hula zuwa takalmi.

"Ɗan mace, ka taɓa zura zare a allura?"

"Mai ilimi ba ya fara da allura. Da ido yake farawa."

"Wane idon? Wanda ya gaishe da turmi jiya ya ce ina kwana Hajiya?"

"Ki ajiye mini wuri ranar Juma'ar. A tsakiya. Ke da jeranki na ja, fari, ja, fari, kamar haƙoran kare, ranar za ki ga aiki."

"Na ajiye," in ji Kubra. "Ko don in yi dariya."

A gidan Sallau akwai wani tulu a kusurwar ɗakin Altine, matarsa, an liƙe bakinsa da laka. Irin wake ne a ciki, cakuɗe da toka don kada ƙwaro ya ci. Farin wake ne mai saurin nuna, wanda uwar Altine ta ba ta a Dumega kafin ta rasu. Ba a samunsa a kasuwa. Kowace shekara Altine takan ware mafi kyawu ta rufe, in gero ya yi mako biyu ko uku ta shuka a tsakaninsa. Da waken nan gidan ke tsallake watan da rumbu ya ƙare. Ko jikokinta sun san ba a jingina da tulun.

Sallau bai fara da tulu ba. Rediyonsa ya sayar, ya sayo duwatsu na kowane launi a ƙananan ledoji. Kubra takan ware nata launi-launi a gwangwanaye. Shi kuwa ya farke ledojin duka ya juye a faifai ɗaya ya gauraya da hannu, ya ce haka Baturen ke yi. Ya ajiye faifan a tsakar gida, wai artis na son haske. Sai aka kira azahar.

Da ya dawo daga masallaci ya tarar da zabin Mani goma sha ɗaya sun kewaye faifan. Sun san abin da suke so. Kore da rawaya suka tsince, suka bar masa ja da shuɗi da ruwan ƙasa.

Kwana biyu Sallau yana bin zabi a unguwa da rariyar Altine. Inda suka tsaya ya tsaya, inda suka yi kashi ya tsuguna ya tankaɗe. Mata suka riƙa leƙowa ta kan danga.

"Malam, rariyar tuwona ce wannan?" in ji Altine da ta gan shi a bayan gida.

"Aro na yi."

"Riƙe. Na bar maka har abada."

Mani kuwa cewa ya yi, "In sun yi ƙwai kore, naka ne, artis. Ba ni da ja."

Ƙwaya tara ya samo. Da sauran launin ya haɗa sarƙar gwaji. Sau uku zaren na kwancewa, domin bai iya ƙulli ba, yana rarrafe yana tsinta. A rana ta huɗu ya kai ta wurin shayi ya rataya a wuyan buta, ya sa mutane su ja baya. Is'haƙa tela ya yi ta ja har ƙafarsa ɗaya ta faɗa kwata.

"Mi kuka gani?" in ji Sallau.

Is'haƙa yana goge ƙafa da ganye ya ce, "Ni dai kamar an yanka kaza bisa shuɗin zane."

"Ƙara ja baya."

"In na ƙara sai Dogon Kiriya."

"Kore ne babu," in ji Sallau. "Lambu ba ya yiwuwa ba kore."

Ya koma wurin mai duwatsu, aka ce kore ya ƙare, sai bayan mako biyu. Labari ya kai wa Kubra. Ta tare shi a bakin famfo.

"Ina da kore gwangwani biyu. Ka zo ka zauna gabana kwana uku in koya maka ƙulli, in ba ka kyauta."

"Ni in zauna gabanki? Ni da na zauna da Madam?"

"A bakin ƙofa ka zauna, ɗan mace, da sanda."

"Riƙe korenki. Ina da nawa."

Ba shi da komai. Amma ranar Asabar Altine ta shiga mota zuwa Dumega sunan jikar yayarta, ta ce sai Litinin. Sallau ya shiga ɗakinta neman allura. Ya tsaya gaban tulu. Wake dai, in ji shi a ransa, girmansa ɗaya da dutsen wuya, fari ne, zai sha galura. Hannu ɗaya kawai zai ɗiba, wa zai sani?

Ya fasa lakar. Ya tankaɗe toka da rariyar da aka bar masa. Busasshen wake bai yarda da allura ba. In ya matsa sai ya tsage biyu, in ya kauce sai allurar ta shiga yatsa. Da ya fasa kamar talatin ya huda kansa sau shida, sai dabara ta zo masa. Ya dama galura kore a roba, ya zuba waken ya jiƙa. Wani kaso ya jiƙa a ruwa zalla don furen bado. Kafin la'asar wake ya yi laushi, allura na wucewa kamar a tuwo.

Hannu ɗaya bai isa ba. Na biyu ma. Lambun Bature babba ne. Kafin ya ankara hannunsa ya taɓa gindin tulu. Ya fita ya kwaso tsakuwa a bayan gida, ya cika tulun, ya mayar da toka, ya kwaɓa laka ya liƙe. Ya ce wa kansa in an ga aikin nan, Altine da kanta za ta gode.

Galura ta hau shi har gwiwar hannu. A masallaci ya ɗaga hannu zai yi addu'a, na kusa da shi ya matsa.

"Sallau, lahiya? Ko ciwo ne?"

"Hannun artis ke nan. A Yamai in ba ka da irinsa ba a gaishe ka."

Ranar Lahadi ya gama. Sarƙa ce layi bakwai, faɗinta ya kai tafin hannu biyu, shuɗin dutse da ja a warwatse cikin koren wake da fari. Ya ƙara da warwaro biyu. Ya shanya su a rana ya zauna yana kallo. Ba a jima ba ya ga fatar wake ta fara yanƙwanewa, guda ɗaya ma ya tsage.

Nan Sallau ya yi murmushi. Wannan ciwon ya san maganinsa. Shekara bakwai yana sayar da goro, bai taɓa barin ƙwaya ɗaya ta bushe ba. Ya samo tsohon buhun algarara ya jiƙa shi sharkaf, ya shimfiɗa ɗanyen ganye, ya kwantar da sarƙa da warwaro, ya naɗe ya ɗaure da igiya. Ya hau ya ajiye ƙunshin a cikin rumbu, inda babu hatsi sai zafi da duhu. Safe da yamma yakan hau ya yayyafa ruwa, kamar yadda ake wa goro. Bai kwance ba ko sau ɗaya, domin a cewarsa Kubra na da idanu a kowace danga. Ranar Laraba ya ji ƙunshin ya ƙara cika hannu, igiya ta ɗame. Ya ce aiki mai kyau haka yake, nauyi yake ƙarawa.

Altine kuwa tun Litinin ta dawo. Ta leƙa gona ta ga gero ya kai taƙi.

"Malam, Asabar za mu sa wake, in Allah ya kai mu. Ka gyara sungumi." Ta ɗan girgiza tulun. "Kamar ya ƙara nauyi."

"Damina ce. Toka na shan raɓa." Ya yi sauri ya sauya magana. "Ranar Juma'a ke za ki rataya lambun."

"Ni? A kasuwa? Da jikokina?"

Ta ƙi. Kubra ce ta zo har gida ta lallashe ta. "Ki sa, Altine. Shekara sittin ina jiran in ga ɗan mace ya gama abu ɗaya. Kada ki hana ni."

Ranar Juma'a da hantsi mata suka baje kaya a rumfuna: tabarmi, faifai, zannuwa, sarƙoƙi. Labarin lambun Sallau ya riga shi zuwa, har masu sayar da dabbobi sun bar turke sun taho. Ya iso da babbar riga da hannaye kore-kore, ƙunshi a kafaɗa yana ɗigar ruwa. Ya sa aka kife turmi a tsakiyar fili. Ya ƙirga taku arba'in ya ja layi da ƙafa.

"Kowa bayan layi. Wanda ya matso bai ga komai ba."

Ya yi ta tura mutane. Wasu suka taka tumatirin wata mata, ta bi su da zagi. Mani ya hau amalanke don ya gani da kyau. Sallau ya ɗora Altine a kan turmi ya ce ta ɗaga haɓa ta dubi sama, kada ta sunkuya, haka matan Yamai ke yi. Ya miƙa wa Kubra ƙunshin.

"Ke za ki kwance, da hannunki, don ki san an fi ki."

Ya koma bayan layi ya tsaya a gaban jama'a ya harɗe hannu.

Kubra ta kwance igiya ta buɗe buhu. Ta daɗe tana kallon abin da ke ciki. Ta dubi Altine, wadda ke kallon sama. Ta ciji leɓe.

"Ɗan mace," ta ɗaga murya, "ka tabbata in rataya?"

"Rataya. Hassada ce ke cin ki."

Ta ɗauko sarƙar da hannu biyu a hankali, ta rataya wa Altine. Ta ajiye warwaron a gefen turmi.

Gaskiya dai, daga taku arba'in abin ya yi kyau. Kore mai duhu da kore mai haske, fari-fari a tsakani, shuɗi na ƙyalli a ƙarƙashi kamar ruwa. Jama'a suka yi gunaguni. Is'haƙa tela ya cire hula. Iska ta ɗan kaɗa.

"Har motsi yake," in ji wata mata.

Sallau bai tuna ya sa kore mai haske ba, amma bai ga dalilin faɗa ba. "Na hwaɗa muku. Ido ke haɗawa. Baturen ma nasa bai motsi."

Wani tsohon manomi daga Tibiri ya sa hannu a goshi. "Wancan ba tsiro ba ne?"

"Haka ake so ka gani, baba. Wannan shi ne ilimin."

"A'a, ɗana. Tsiro nike cewa. Na wake."

Wata jar akuya da aka kawo sayarwa ta tsinke igiya. Ita ba ta san dokar taku arba'in ba. Ta tsallake layi ta nufi turmi kai tsaye, ta ɗauki warwaro ɗaya ta fara tauna. Da ta gama ta ɗora ƙafafun gaba a jikin Altine ta miƙa wuya.

Altine ta sunkuyar da kai.

Kowane wake a ƙirjinta ya fasa riga ya fito da farar wutsiya, wasu sun ɗago kai da 'yan ganye biyu a naɗe. Saiwoyi sun sarƙe da zare. Ta ture akuyar da gwiwa. Ta kama ƙwaya ɗaya ta murje koren ɓawon, ta juya ta a tafin hannu. Ta san waken nan kamar yadda ta san fuskar uwarta.

"Malam," in ji ta. Ba ta yi ihu ba, amma kowa ya ji. "Zo kusa."

"Ai daga nesa ake..."

"Zo kusa."

Bai motsa ba. Jama'a suka taimake shi. Duk wanda ya tura ɗazu ya sa masa hannu a baya, mai tumatir ta sa biyu. Taku arba'in ɗin nan ya yi su ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa. Sai da hancinsa ya kusa taɓa sarƙar sannan ya ga abin da ya shirya.

"Mi ke cikin tuluna?" in ji Altine.

"Toka."

"Da mi?"

Ya dubi hagu, ya dubi dama. "Tsakuwa. Amma masu kyau, na zaɓa."

Mani ya kusa faɗowa daga amalanke. Akuyar ta zagayo ta baya ta kama warwaro na biyu. Sallau ya ga hanyar tsira, ya yi tsalle ya riƙe ɗaya gefen. Suka ja, zare ya tsinke, ya zauna daɓas a cikin robar ruwan da matan suka ajiye don wanke hannu. Akuya ta tafi da rabonta. Mai ita ya biyo yana tambaya ko galura na kashe dabba, wa zai tsaya masa.

Altine ba ta yi dariya ba. Ta ja mayafi ta rufe ƙirjinta da hannu biyu, kamar mai kare jariri daga rana. Idonta ya kawo ruwa. Da Kubra ta ga haka ta daina tata dariyar, ta matso ta ɗaga gefen mayafin tana duba layi-layi.

"Kwantar da hankalinki. Allurarsa ba ta iya komai ba, ko kisan wake. Cikin goma, bakwai na da rai. In sun shiga ƙasa gobe da sassafe za su kama." Ta juyo wurin Sallau, wanda ke matse riga. "Shekara talatin ina wagga sana'a, ba a taɓa kawo mini sarƙa mai neman noma ba. Na yarda, ɗan mace. Ka fi ni."

"Kun ji dai," in ji Sallau a hankali. "Da bakinta ta hwaɗi."

Altine ta sauka daga turmi, ta mayar da sarƙar cikin jiƙaƙƙen buhun da hannunta, ta ɗora a ka ta nufi gida. Ya bi ta a baya, nesa kaɗan, riga na ɗiga. Bayan sallar Juma'a hadarin gabas ya taso, aka yi ruwa mai kyau.

Washegari da an idar da asuba Sallau ya saɓa sungumi, Altine na biye da buhu. A gona ta zauna a gindin gawo ta shimfiɗa sarƙar a cinya. Ba ta bar shi ya taɓa zaren ba. Ita ke yankewa da reza tana zare tsiron ɗaya-ɗaya, duwatsun gilashi tana jefawa a gwangwani za ta kai wa Kubra. Shi ke sara rami tsakanin gero, ya dawo ya karɓi biyu-biyu a tafin hannu, ya durƙusa ya sa wutsiyar ƙasa, ya rufe da yatsa. Tsiro ba ya son a taka shi da diddige irin na busasshen iri, don haka duk gonar a gwiwa ya yi ta.

Da rana ta ɗaga sai ga Mani a kan jaki za shi tasa gonar. Ya ja linzami.

"Artis, mi ake yi?"

Sallau ya miƙe da ƙyar yana dafe ƙugu. Ya nuna gonar daga wannan gefe zuwa wancan da koren hannunsa.

"Babban nike yi yanzu. Na jiya gwaji ne. Ka dawo bayan wata biyu, ka tsaya nesa."

"Malam," in ji Altine daga gindin gawo, ba ta ɗago kai ba. "Saura layi biyar."

Ya je ya miƙa hannu, ta zuba masa biyu. Ya koma ya durƙusa.